Zaƙi a Kwalbar Chablis

Baƙon ya kurɓa sau ɗaya, ya yamutse fuska, ya ture kofin. Baturen banki ne, wani ɗan kwangila daga Kaduna ya gayyato shi cin abincin rana a gidan abincin Mista Pelham da ke Charing Cross, a 1975, lokacin da kuɗin mai ya sa mutanenmu suka daina tambayar farashi. Ya ce wannan ba giyar Chablis ba ce, an sauya ta.

Kwalabe biyu ne aka sauya, waɗanda ake buɗewa tun safe don masu sayen kofi-kofi. Kafin la'asar an tsinci kwalabe biyu wofi na wata giyar Jamus mai araha a kabad ɗin Katung, mai zuba wa baƙi giya. Shekararsa biyu kacal a gidan, amma shi Pelham ya zaɓa zai tura Faransa ran Litinin, ya koyo aiki a gonakin inabin Chablis. Yanzu tafiyar da aikin duk suna lilo.

Scholastica, shugabar ma'aikata, aka ɗora wa bincike. Gaskiya ita ma tafiyar nan ta tsaya mata a wuya, shekara tara tana bauta ko Dover da ke nan bakin teku ba a taɓa aikenta ba. Ta so a ce Katung ɗin ne. Sai dai da ta ɗanɗana abin da ke kwalbar, zaƙi ta ji kamar ruwan rake. Chablis kuwa tsami gare ta mai kaifi irin na ɗanyen tuffa, da ƙamshin jiƙaƙƙen dutse, don inabinta a ƙasar alli mai sanyi yake fitowa.

Mutum uku ke shiga sito. Lawal mai ɗauko kaya ko taɓa kwalba ba ya yi, kuma direba ya shaida tun asuba suna kasuwar kifi. Katung ya rantse da safe ya ɗanɗana, lafiya lau take. Saura Ephraim, babban sabis, mai shekara goma sha ɗaya a gidan, wanda ya fi kowa iya zuba bayanin giya. Scholastica ta sunkuya ta shinshina magudanar ruwan siton. Chablis ce aka tuttule a ciki.

Ta zuba mai zaƙin a kofi, ta kira Ephraim, ta ce sabuwar Chablis ce, ya duba mata. Ya juya kofin, ya kai leɓe, ya lumshe ido, ya hau yabon tsaminta da ƙamshin dutse.

"Haɗiye," in ji ta.

"Madam, ai na yi tasting."

"Kofin bai ragu ba, Ephraim. Haɗiye in gani."

Ya ajiye kofin a hankali. Ashe ranar da zai bar Pankshin ya yi wa mahaifinsa, mai wa'azi, alkawarin giya ba za ta taɓa harshensa ba. Duk bayanin nan daga littafi ya haddace.

Ta ce masa ɓarawo sha yake yi ko ya sayar, ba ya zubarwa. Wanda ya san ɗanɗano kuma ba zai maye gurbin tsami da zaƙi ba, sai wanda a wurinsa farar giya duk ɗaya ce. Bai musa ba. Ya ce shi ya koya wa Katung riƙon tire, shi ya san sunan kowane tudu a garin Chablis, amma yaron jiya za a tura. Scholastica ta kawar da kai, don kunya ta kama ta: abin da ke zuciyarta ne ya faɗa.

Ya tuɓe farar rigar aiki ya ninke. A bakin ƙofa ya ci karo da Katung, ya tsaya, bai dube shi ba.

"Ka tafi da babban kwat," ya ce. "A watan Afrilu sanyi na kashe tohon inabi, har wuta manoma ke kunnawa a gonaki. In ka dawo, ka gaya mini ko haka ne."