Jan Fenti a Kan Noti

"Goge lambarsa a gabana!"

Auta ta ƙanƙame wayar da hannu biyu. A barandar asibiti suke, masu jinya sai wucewa suke suna satar kallonsu, amma Abba ko a jikinsa.

"Abba, don girman Allah ka saurare ni..."

"In saurari me? Uwarki na ciki an sa mata robar iska a hanci, ke kina nan kina kare wanda ya kwantar da ita!"

"Faɗa mata dai," in ji Goggo, yayar Abba, daga kan benci. "Tun bai shigo gidan ba ya fara da uwa. Ina ga an ba shi 'yar?"

Ɗan Goggo na tsaye a bayan uwarsa, ya yi wata fuskar tausayi da kana gani ka san aro ce. Shi ya tuƙa motar da safe. Shi ne kuma ya daɗe yana zagayen Auta, ita ko kallon arziki ba ta taɓa yi masa ba.

"Yi haƙuri ƙanwata," ya ce a hankali. "Gara da asirinsa ya tonu da wuri."

Ta goge lambar saurayinta Dogo, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

Abba bakaniken salansa ne tun kafin a haife ta. A garejinsa ta yi wayo, ta san lambar sufana kafin ta san ta takalminta. Mutum ne da ya yarda da hannunsa fiye da komai. In zai ɗaure noti, sai ya zura guntun bututu a wutsiyar sufana, ya tokare ƙafa, ya ja har ƙarfen ya yi kuka, sannan hankalinsa ya kwanta.

Sai ga Dogo ya buɗe nasa garejin a tsallaken titi, da wata doguwar sufana mai awo a jiki. Kana saita ta, kana ja, da notin ya kai iyakar ƙarfin da aka yanka masa sai ta ce ƙas, ka cire hannu. Ranar da Abba ya fara jin ƙarar ya yi dariya har da riƙe ciki, ya raɗa masa suna Ƙas-ƙas. Dariyar ta tsaya ne ranar da ya gano ba masu mota kaɗai ke yawan tsallaka titin ba, har da 'yarsa.

Da maganar aure ta taso, Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Makullin tsohuwar motarsa ya cilla wa Dogo.

"Salansarta na huci. Gyara ta a ramina, a gaban idona. Ni a aiki nake gane mutum."

Jiya kenan. Auta ce ma ta yi ta miƙa wa Dogo kaya. Ya goge bakin bututun tas, ya sa sabon gasket, wannan siririn faifan da ke hana hayaƙi tsiyaya ta mahaɗa. Ya bi notin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, har kowanne ya ce ƙas. Daga nan ya ɗauko ɗan buroshi, ya ja layin jan fenti daga kan kowane noti zuwa jikin ƙarfen.

"Kwalliya kake mata?" ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Shaida ce, Autata. In noti ya motsa, layin zai rabu biyu."

"Me zai hana ka ƙara ja kaɗan? Ka ga Abba na hararar ka."

"Salansa wuta take ci. Ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake. In na matse shi fiye da kima, ina zai je?"

Abba ya ji, ya yi tsaki, ya ce ƙarfe ba ƙwai ba ne.

Yau da safe Ɗan Goggo ya ɗauki Umma zuwa unguwa, gilasai a rufe. Ba su yi nisa ba motar ta fara ruri, hayaƙi ya bi ta ruɓaɓɓen ƙasan kujerar baya. Kafin ya farga Umma ta langaɓe.

Zama ya gagari Auta. Ta leƙa ɗakin, ta dawo, ta zauna, ta miƙe. Sai da likita ya fito ya ce Umma ta buɗe ido har ta nemi ruwa, sannan numfashinta ya dawo daidai. Ta shiga ta sumbaci hannun uwarta, ta ce za ta je gida ɗauko kaya. Ba gida ta nufa ba.

Ta samu Dogo zaune a kan taya a ƙofar garejinsa, ya zuba wa tsallaken titi ido, inda aka jawo motar aka ɗora a kan rami.

"Yaya jikin Umma?" ya miƙe da sauri.

"Ta farka. Dube ni nan! Ka ɗaure ko ba ka ɗaure ba?"

"A gabanki na ɗaure, ruhina."

"Kar ka ce min ruhina! To me ya faru?"

Ya sunkuyar da kai.

"An ce ka leƙa ƙarƙashinta da aka jawo ta, kafin Abba ya kore ka. Me ka gani?"

"Bar shi a kaina kawai."

"In bar shi a kanka? Ka san abin da kake faɗa kuwa? An raba mu fa! An sa na goge lambarka a gaban mutane!"

"Na sani..."

"Ka sani, kuma ka zauna a kan taya kamar mai jiran fasinja!"

Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Auta, wallahi ina sonki fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ba zan taka mutuncin babba in shigo gidanku ba. In na yi haka, ke da kanki wata rana sai kin tsane ni."

Ta buɗe baki za ta zazzaga masa, sai kalmarsa ta dawo mata.

Mutuncin babba?

Wane babban?

Wayarta ta yi ƙara. Ɗan Goggo ne.

"Ƙanwata kina ina? Ki faɗa wa Kawu ya kwantar da hankalinsa, ga ni nan tafe da mai walda. Yanzu za a yanke salansar nan gaba ɗaya a jefar, kar ya dawo ya gan ta ransa ya ƙara ɓaci."

Mutumin da ko tayar keke bai taɓa canzawa ba, yau shi ke gaggawar gyaran mota? Ba ta ko kashe wayar ba ta faɗa titi, wani mai babur ya taka birki yana zabga mata masifa, ba ta ji ko ɗaya ba.

Ta tattare siket, ta sauka matakalar ramin da ke santsi da baƙin mai, ta kunna fitilar waya. Ƙarƙashin motar na warin ƙauri. Ta bi bututun da haske har mahaɗar.

Ga jan fentin nan.

Kowane layi ya rabu biyu. Ta kai yatsa ta bi na farko, tana addu'a a ranta ya zama baya ya koma. Da kwancewa ya yi, da baya zai koma. Amma gaba ya yi. Na biyu ma gaba. Na uku babu shi sam, sai guntun ƙarfe a murɗe, ya tsinke daga tushe, gasket ɗin ya fito ta gefe a lotse. A kafaɗar sauran biyun kuwa ga tabon tsohuwar sufanar da ta fi kowa sani, mai gutsurarren baki, wadda ke rataye a ƙusa sama da teburin Abba.

Ta jingina da bangon ramin. Ta so ta ga laifin kowa a duniya ban da wannan.

"Ke! Me kike yi a nan?"

Ɗan Goggo ne ya leƙo, mai walda na bayansa da tukunyar gas.

"Yaya, wa ya buɗe garejin nan da sassafe?"

"Ina ruwanki? Fito za a yi aiki."

"Kai ka zo ɗaukar mota. Abba ba ya gani sosai a rami in ba a haska masa ba. Kai ka riƙe masa fitila, ko?"

"To sai me? Ƙara wa notin ƙarfi kawai Kawu ya yi, ai..."

Ya kama bakinsa, amma ta riga ta fita.

"Ashe ka sani! Kana tsaye a asibiti ana zagin bawan Allah, kana ce min gara da asirinsa ya tonu!"

"Auta, don ke nake yi..."

"Wallahi duk wanda ya kunna wutar nan sai dai ya yanka da ni!"

Mai walda ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ajiye tukunyarsa ya ce shi bari ya je ya sha shayi.

Ana cikin haka Abba ya shigo. Ya ga 'yarsa a rami, fuska duk baƙin mai da hawaye. Ɗan Goggo ya fara sunne kai yana laluben hanyar ƙofa.

Maganar na bakin Auta, da zafinta. Tana iya faɗarta da ƙarfi, masu faci da masu fenti na maƙwabta duk su ji, Dogo ya wanku kafin rana ta faɗi. Sai ta dubi Abba da kyau. Hularsa a karkace, tun safe ko ruwa bai sha ba. Mutumin nan bai taɓa barin mota ta fita daga garejinsa bai sake taɓa ta da hannunsa ba, balle wadda matarsa za ta shiga.

Ta haɗiye, ta sassauta murya.

"Abba, sauko ka taya ni gani. Akwai abin da ban gane ba."

Ya dube ta. Sannan ya cire hula, ya sauko yana dafa bango. Ta miƙa masa wayar, ba ta nuna masa komai ba.

Ya haska. Ya daɗe yana kallo. Ya kai babban yatsa ya shafi guntun ƙarfen da ya tsinke, ya sake shafawa. Wanda ya tsufa a ƙarƙashin mota ba sai an gaya masa bambancin notin da ya kwance da wanda aka murɗe har ya gaji ba.

"Sakwa-sakwa na ji su," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na ce uwarki ce za ta shiga... na ce bari in ƙara kaɗan."

"Na sani, Abba."

"Da hannuna, Auta. Da hannuna na kusa..."

"Ta farka, Abba. Har tana tambaya ko ka ci abinci."

Ya juya mata baya, kafaɗunsa suka girgiza. Ta karɓi wayar ta kashe fitilar don kar ta gani, ta tsaya a bayansa tana nata kukan.

"Yaron nan Dogo ya leƙa ɗazu," ya ce bayan wani lokaci. "Ya gani?"

"Ya gani."

"Na zage shi a gaban jama'a. Bai ce komai ba."

"Ni ma ya ƙi faɗa min. Cewa ya yi in bar shi a kansa."

Abba ya goge fuska da gefen riga, ya hau matakala. Ɗan Goggo tuni ya sulale. Abba bai tsaya a ƙofa ya yi kira ba, yadda ya saba. Titin ya tsallaka da ƙafarsa, ba hula, maƙwabta na kallo.

"Kai, Ƙas-ƙas!"

Dogo ya zabura ya durƙusa.

"Tashi. Ni na ƙara wa notin nan, ba aikinka ba ne ya lalace." Ya faɗa da ƙarfi yadda duk layin zai ji. "Ka yafe min. Ɗauko sufanar nan taka, da sabon gasket."

Su uku suka sauka ramin, Auta ce mai fitila. Sai da suka yi gumi kafin guntun da ya tsinke ya fito. Dogo ya jera komai, ya saita awon, sannan ya miƙa wa Abba sufanar da hannu biyu.

"Bismillah, Baba."

Abba ya karɓa yana juya ta kamar an ba shi jariri. Ya ɗora a noti, ya ja a hankali.

Ƙas!

Auta ta ga ƙafarsa ta tokare bango, kafaɗarsa ta ɗaga, tsohon hali ya motsa.

"Abba..."

Ya tsaya. Ya yi ajiyar zuciya, ya saki.

"Shi ke nan wai?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ikon Allah. Ko gumi ban yi ba."

Ya bi sauran har suka ƙare, ya karɓi buroshin ya ja jan layin da kansa, a karkace, amma ya ja. Sannan ya dubi Dogo.

"Ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa, in uwarta ta dawo gida."

Dogo ya dubi Auta, ita kuma ta rasa inda za ta sa fuskarta, har hasken fitilar ya kauce daga jikin salansa.

"Ke kuma riƙe mana fitila da kyau," in ji Abba. "In mun fita ya karanto miki lambar ki mayar."

Ba ta jira an fita ba. Nan take yatsunta suka bi wayar, tiryan-tiryan, ko ɗago kai ba ta yi ba. A aljihun Dogo waya ta fara kuka.

Abba ya dubi aljihun, ya dubi 'yarsa.

"Au! Dama a kanki take?"

"Tun tuni, Abba."

Ya girgiza kai, ya miƙa wa Dogo sufanarsa, ya fara hawa matakala.

"Ashe duk yau ni kaɗai nake ta wahala."