Gwajin Da Ya Ƙi Yin Ja

Gab da magariba Kafiya ta faka motarta a gindin tsohon benen, ta ce wa ’yarta a waya yanzun nan za ta dawo, kada ta manta da shan magani. Aikin da ya kawo ta ba shi da yawa. Gwaji ɗaya ya rage, ta sa hannu, a saki sabon samfurin manhajar.

Manhajar ajiyar bayanai ce, irin wadda ba ta da mai ita. Masu sa kai ne ke rubuta ta daga ƙasashe daban-daban, kowa ya ɗauka kyauta. Bankin jinin da ke riƙe da bayanan ’yar Kafiya, mai fama da sikila, shi ma da ita yake aiki, kuma da zarar an saki sabon samfuri kwamfutocin bankin ke jawo shi da kansu. In manhajar ta haɗiye layi ɗaya, zai iya zama layin da aka rubuta irin jinin da jikin yarinyar ba ya karɓa.

Abokan aiki ne suka laƙaba mata suna Kafiya, kuma wallahi ba su zalunce ta ba. Ita ke riƙe da makullin sa hannu, wani ɗan filashin kwamfuta da take ratayawa a wuya da igiya. In ba ta soka shi ta amince ba, ba abin da zai fita. Ga ta da wata ɗabi’a mai ƙona musu rai: duk gwajin da ya nuna kore, wato lafiya lau, ba ta yarda da shi sai ta lalata manhajar da gangan ta ga ya koma ja. In ya iya kama ɓarnar da ta yi, to korensa gaskiya ne.

Tana hawan matakala sai ga kiran Dogo, jagoran aikin.

“Yaya, don Allah yau kam a raga mana. Tun safe komai kore ne. Duniya na jira.”

“Ta ci gaba da jira. Sai na ga ja.”

“Kai, ke dai! Ko likita ya ce lafiyarki ƙalau, sai kin karya ƙafa kin ga ko zai gane.”

“In yana saurin cewa ƙalau irinka, ai dole.” Ta kashe wayar.

Ɗakin gwajin yana hawa na ƙarshe, can ƙarshen baranda. Mai benen ya ba su shi kyauta, don ba ɗan hayar da ke daɗewa a ciki. Ba taga. Sai warin ƙura da na waya mai zafi, da tsohon injin kwamfuta a kan kantar ƙarfe, fankarsa na gurnani.

Gwajin ɗauke wuta ne ya rage. Inji na cikin rubutu a fizge filogi, a mayar, a duba ko wani abu ya ɓace. Ta fizge, ta mayar. Kore.

Ta shiga cikin manhajar ta goge layin umarnin da ke tabbatar da cewa rubutu ya zauna a faifai. Da wannan kaɗai dole gwajin ya faɗi. Ta sake fizgewa, ta mayar.

Kore.

“Ji mini rainin hankali,” ta faɗa a hankali. Ta goge sashen ajiyar ɗungurungum, abin da ko tashi manhajar ba za ta yi ba in babu shi.

Kore. Layi bayan layi.

Daga nesa ladan ya fara kira, sai sautin ya dusashe kamar an cusa mata auduga a kunne. Ta durƙusa ta zare babbar wayar wutar daga bango, wadda inji da allon duk suke kanta. Fanka ta yi tari, ta mutu.

Allon bai mutu ba.

Filogi na hannunta, koren layuka na ci gaba da hawa.

Ƙofa ta rufe a bayanta. Ƙit.

Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙen bunsuru da ƙonannen gashi. Tsakanin kanta da bango, inda ko tafin hannu ba zai shige ba, wani abu yana numfashi. A hankali. Yana jira.

“Saki manhajar,” aka raɗa, da muryar Dogo.

Ba ta motsa ba.

“Mama.” Muryar ’yarta ce yanzu, irin wadda take yi in ciwo ya tashi. “Na gaji. Sa hannu ki dawo gida.”

Nan ta gane. Abin da ke korar ’yan haya daga ɗakin nan ya gaji da ɗaki ɗaya. So yake ya bi manhajar ya shiga kowane inji, ya riƙa lashe abin da mutane suka ajiye. Zai iya shafa wa allo launi, amma ba zai iya sa hannu ba.

Tsoro ya kama ta. Amma jin muryar ’yarta a bakin wannan ƙazamin abu ya taso mata da fushin da ya fi tsoron ƙarfi.

“Ajiye muryar ’yata,” ta ce. “In kai mai gaskiya ne, nuna mini ja.”

Numfashin ya tsaya.

Igiyar wuyanta ta miƙe da kanta. Filashin ya tashi a iska, yana nufar ramin injin, yana jan ta kamar akuya. Ta tokare kantar da ƙafa. Igiyar ta nutse a fata. Ta fara a’uziyya, maƙogwaro ya shaƙe.

Saura kaɗan ya shiga.

Ta cafke shi da hannu biyu. Sanyinsa ya ƙona mata tafi.

Ta jefa shi baki.

Ta datse da turamen haƙoranta. Ƙaras! Ɗanɗanon ƙarfe da jini ya cika mata harshe. Ta tofar da ɓaraguzan a gaban allon.

“Ga shi nan. Sa hannun da kanka!”

Allon ya yi wani irin haske kore da ya soke ta har cikin ƙwaƙwalwa. Aka yi ƙara kamar an cusa ƙarfe a fanka. Ta lalubo ƙofa, ta banke ta da kafaɗa, ta gangaro matakala rabi da ƙafa rabi da baya. A mota ta aika wa dukan masu aikin saƙo: ba a shirya ba, kuma makulli ya karye.

Dogo ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Masu jira suka yi ta zage-zage a intanet, wani ya ce a karɓe aikin daga hannun matar nan. Ta ce su zo su karɓa. Washegari ta kunna gwajin a wani inji, a falonta, ba tare da ta lalata komai ba. Ja wur. Ashe sabon samfurin, da an ɗauke wuta, yana cinye bayanan da aka buɗe na ƙarshe. Dogo ya kira ya ce, “Yaya, ki yafe mini.”

An gyara, an yi sabon makulli, an saki bayan makonni. Ɗakin kuwa an sa masa kwaɗo da injin a ciki. Masu shara sun ce har yau koren haske na leƙowa ta ƙasan ƙofar. Kafiya ba za ta iya shaida ba, don tun ranar ba ta ƙara ganin kore ba. Ganye, fitilar hanya, duk toka-toka take ganin su, kuma likitocin ido sun rasa dalili.

Da ciwon ’yarta ya sake tashi, ma’aikaciyar bankin jinin na buɗe bayananta aka ɗauke wuta. Janareta ya tashi, allo ya dawo, ba harafin da ya ɓace. Aka ɗaura wa yarinyar jinin da ya dace da ita. Kafiya ta zauna a bakin gado, tabon igiya a wuyanta, ta ƙura wa ledar jinin ido.

“Mama, me kike kallo haka?”

“Ja,” ta ce, tana shafa kan ’yarta. “Shi kam ina ganin sa sarai.”