Angon Da Ya Bi Cuku A Guje

Ranar da Hamdatu ta fara ganin Kadri, cuku ya shigo saye a shagon babanta, Alhaji Hamidou, a unguwar University Heights. Ya ɗauki cukun Tawa, ya jujjuya shi, yana murmushi shi kaɗai.

"Lafiya, malam?" in ji ta.

"Naku faffaɗa ne. Ba zai gangara ba."

Ba ta gane ba, amma dariya ta kama ta. Tun daga ranar, in ya sauke fasinjan filin jirgin JFK a tasinsa sai ya biyo ta shagon.

Kadri ya yi karatun noma a Gloucestershire, wani yanki na Ingila, kuma ba ya gajiya da labarin wurin. Tuddai kore shar, tumaki kamar an baza auduga, gidajen dutse masu launin zuma. Har da kogin Severn, wanda wani lokaci ruwansa ke juyowa ya hau baya, mutane su taru suna kallo.

Ya rubuto mata: "Hasken idona, bayan aure zan kai ki ki ga kogin nan. Halinmu ɗaya da shi, duk inda na nufa sai na juyo wurinki."

Ta amsa: "Mai tasi, ka dubi hanya dai. Ina jiranka."

Magabata sun shiga maganar, ana cikin bincike, sai Mahamudu mai sayar da wayoyi, wanda Hamdatu ta taɓa ƙin aurensa, ya turo wa Alhaji wani guntun bidiyo. Ga Kadri yana mirginowa daga kan tudu, kai ƙasa ƙafa sama, jiki duk laka, yana ihu.

Hamdatu ta dafe ƙirji.

"Innalillahi!" in ji Alhaji. "Mahamudu ya ce aljanu ne ke kayar da shi. Ba zan ba mai taɓin hankali ɗiyata ba. An gama!"

Hamdatu ta rubuta wa Kadri: "Kadri, me ka ɓoye mini? Na ga bidiyon."

"Wallahi lafiyata ƙalau, masoyiya. Cuku nake bi."

Wannan amsa ta fi bidiyon tayar mata da hankali. Duk da haka ta roƙi babanta ya saurare shi.

Washegari Kadri ya zo ya durƙusa, ya miƙa cikakken bidiyon. Tudu ne miƙaƙƙe kamar bango, ana kiransa Cooper's Hill. Aka sako wani cuku mai siffar taya, jama'a suka biyo shi, suna faɗuwa a kan juna.

Alhaji ya saki baki. "Turawa ne fa waɗannan! Yunwa ake yi a garin?"

"A'a, Baba. Al'adarsu ce duk shekara. Baƙi daga ko'ina suke zuwa kallo."

"Kai wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Na ga tudun ne, raina ya so."

"To, ka samu cukun?"

"Wanda ya riga isa ƙasa ake ba. Ni targaɗe na samu."

Alhaji ya maimaita bidiyon, ya sake maimaitawa. Hamdatu na bayan kantar shagon tana kallonsa.

"Duk faɗuwar da ya yi sai ya tashi," in ji shi a hankali. "Tun ina yaro nake sayar da cuku, ban taɓa ganin wanda ya ba shi daraja haka ba. Hamdatu, kina son mahaukacin nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina so, Baba."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a a masallacin unguwar Morris Heights. Da aka shafa fatiha, Alhaji ya damƙa wa ango cukun Tawa.

"Riƙe, wannan ba ya gudu. In ka kai mini ɗiya ƙasar can, ku kalli kogi da tumaki, ban da tudu. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Masallaci ya ɗauka da amin.