Gaisuwar Tsaye

A tashar Malumfashi Awaisu ya fara ganinta, tana roƙon direba kujerar gaba. Awaisun ne ke zaune a kai. Kafin ta rufe baki har ya diro, mutumin da ko yayansa bai taɓa tashi wa ba!

Kafin su kai Funtua ya san sunanta Ummukulsum. Ya san ƙashinta mai saurin karyewa ne tun haihuwa, cunkoson kujerar baya ma ya isa ya ji mata ciwo. Tafin ƙafarta na hagu kuma a shimfiɗe yake, tafiya kaɗan sai zogi. Ta ce aiki za a yi mata a Zariya.

"To ba ni lambarki, in riƙa tambayar jiki."

"Jikin kawai?"

"Da shi dai za a fara."

Aka yi aikin. Likita ya gyara zaman ƙashin dunduniyar, ya sa ƙarfe ya riƙe, aka naɗe da filasta. Awaisu kuwa, yana gonarsa a Ƙarfi, waya ba ta barin hannunsa.

"Sanyina, masara ta yi goyo. Ya ƙafarmu?"

"Ƙafarmu tana ƙaiƙayi, Manomina. Ka taho da gasasshiya."

Da aka cire filasta, likita ya ja mata kunne: irin ƙashinta ba ya kamawa da wuri, kada ta kuskura ta durƙusa sai ya ba da izini.

Ana haka ta haɗu da Inno, mahaifiyar Awaisu, a wani suna a Tsiga. Ta gaishe ta a tsaye. Inno ta koma gida tana huci.

"Ita ce wannan? Ƙerere a kaina, gaban mata! Ba an ce an yi aikin ba? Tafiya take tsaf, durƙusa min ne ya gagara. Auren nan ba da ni ba."

Awaisu ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe, Inno ta ce so ne ke magana.

Da maganar ta kai kunnen Ummukulsum ta sha kuka, sannan ta rubuto masa: "Zan je in durƙusa mata."

"Don Allah kar ki yi, Sanyina!"

Ta kife wayar.

Washegari yayarta ta raka ta Ƙarfi. Suka tarar da Inno kan tabarma tana ɓarar masara. Ummukulsum ta cire takalmi, ta dafa bango, ta fara lanƙwasa gwiwa. A nan Inno ta ga tabon ɗinki tun daga dunduniya har idon sawu, ƙafar tana rawa, zufa na keto wa yarinyar.

"Ke! Tsaya nan!"

Ta watsar da masarar, ta miƙe ta tallafo ta a hankali. "Innalillahi! Karya kanki za ki yi saboda bakina? Yafe min, 'yar nan."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya gaida dangin miji, Inno ta tafa hannu.

"Kowa ya tashi! Amaryata a tsaye take gaisuwa, a tsaye za mu amsa."

Tsofaffi suka yunƙura suna mita, gwiwoyi na ƙara, gida ya kaure da dariya da guɗa. Inno ta dafa kan amarya ta ce, "Allah Ya ƙarfafa ƙashin nan, Ya ba ku zaman lafiya."

Daga bakin zaure aka jiyo amin ɗin Awaisu, ta fi ta kowa ƙarfi.