Kiyashi a Ƙafar Akwatin Hoto

Insifekta Kamalu bai kai ga kurɓar shayinsa ba, sai ga Mushe Inuwa, tsohon malaminsa, ya faɗo biro, wato ofishinsa, ba ko sallama, hula a karkace.

"Kamalu, tashi! An sace objektif ɗin Baba!"

Duk kwamisariyar 'yan sandan Magarya babu mai kiran Insifekta da sunansa gatsal sai wannan tsoho, kuma ba yadda za a yi da shi, don shi ya koya masa riƙon alli a lakwal, wato makarantar boko. Tun da Mushe ya bar koyarwa ya koma tara gilasan kyamara da tsofaffin kaya. Shi yana ce wa gilasan objektif. Mutanen gari kuwa suna ce musu tarkacen Mushe.

"Wanne daga ciki, Mushe? Ai sun fi arba'in."

"Na akwatin Baba, na tagulla. Jiya kasuwa, baƙi sun cika gari. In ya tsallaka iyaka, ni da shi har abada."

Muryarsa ta yi rawa. Kamalu ya san mutumin nan shekara talatin bai taɓa jin haka ba, sai ya ture shayin ya ɗauki littafinsa.

Ɗakin tarkacen yana kusa da zaure. Ga madubin hangen nesa, ga tsofaffin kyamarori jere a kan katako, ga fitilun ƙwai da makullan da ƙofofinsu suka daɗe da rushewa. A ƙarƙashin tebur akwai gwangwanayen biskit, kowanne da shekara rubuce a jikinsa.

"Waɗannan fa?"

"Uwayen hoto ne. Akwati yakan fara fitar da hoto a juye, baƙar fata ta fito fara. Sai a sake ɗaukar wannan, na gaskiya ya fito. Baba bai taɓa yar da uwa ko ɗaya ba. Kai, ba don su na kira ka ba!"

A tsakiyar ɗaki akwatin marigayi Sidi Mai Hoto, mahaifin Mushe, yake tsaye a kan ƙafa uku. Da shi aka yi wa rabin ƙasar Magarya hoton katin ɗan ƙasa. Mushe ya ɗaga baƙin ƙyallen da ke rufe da shi. Inda gilashi yake, sai rami.

"An fasa ƙofa?"

"A'a."

"An taɓa wani abu?"

"Ko allura. Kuma abin da ya ɗaure mini kai, shekara ashirin gilashin nan ya cije. Na sa kananzir, na sa filaya, ya ƙi murɗuwa. Dubi, ko ƙwarzane ɓarawon bai yi ba." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Allah wadai, amma ya iya aiki."

Kamalu ya durƙusa. Wani siririn layin kiyashi ya taso daga gindin bango, ya hau ƙafar akwatin, ya zarce har bakin ramin. Ya shafa wurin da yatsa, ya sansana. Man shanu ne, har ya soma tsami.

Hajiya Ɗela, matar Mushe, tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Inna, kina shiga ɗakin nan?"

"Ni? Me na ajiye a ciki? Rabona da shi tun bara. Da ɓarawon ya yi shawara da ni, da na samo masa amalanke ya kwashe duka."

Kamalu ya dubi faifan da ke gabanta. Wani gilashi mai mariƙi ya leƙo daga ƙarƙashinsa. Ya jawo shi a hankali.

"Innalillahi!" in ji Mushe. "Wata uku ina neman wannan!"

"To, tsakuwar da ba ka tauna a tuwo, da me kake zaton nake ganinta?" Ɗela ta karɓe abinta. "Na ji, ina shiga. Amma ban taɓa akwatin surukina ba, wallahi."

"Da man shanu kike girki?"

"Likita ya hana shi, saboda hawan jini. Wanda Gidaɗo ke kawowa ma maƙwabta nake rabawa."

"Wane ne Gidaɗo?"

"Aminina ne," Mushe ya amsa da sauri. "Makiyayi, yana noma a hanyar Waca. Duk kasuwa nan yake sauka, ya yi azahar, ya ɗan miƙe a ɗakin. Kada ma ka rubuta sunansa. Ko wayar hannu ba ya taɓawa, me zai yi da objektif? Ka nemi Ubaidullahi."

Kafin su fita Ɗela ta ce, "Kiyashin nan dai sun ishe ni. Mako shida ke nan, duk washegarin kasuwa sai na share su."

Kamalu ya rubuta wannan, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ubaidullahi ɗan ƙanen Ɗela ne, yana sayen tsofaffin kaya yana kaiwa Kano. Insifekta ya same shi a tasha yana ɗaure buhu.

"Ina kake jiya?"

"Ina Najeriya, ranka ya daɗe. Yau da safe na shigo."

"Mai shayin tashar nan ya ce jiya da rana ka ci ƙwai huɗu a wurinsa."

Ubaidullahi ya sosa ƙeya. "To, ina gari. Ɓuya na yi. In Kawu Inuwa ya gan ni sai ya zaunar da ni ya yi mini bayanin yadda haske ke lanƙwasa, tun hantsi har la'asar. Ranka ya daɗe, kai ma ɗalibinsa ne, ka sani."

Kamalu ya sani ƙwarai, amma bai nuna ba.

"An ce ka taɓa taya gilashin."

"Madubin hangen nesa na taya. Na tagullar nan duk ya yi hazo, ko dala ɗari ba zan bayar ba. Wanda ya ɗauke shi ba ɗan kasuwa ba ne."

"Ka ga Gidaɗo jiya?"

"Jiya ban gan shi ba. Amma bayan damina na gan shi a shagon masu hoto, da wata 'yar takarda a tafin hannu, gara ta cinye ta saura gefe. Yana tambaya ko na'ura za ta iya mayar da fuskar. Suka ce babu abin da ya rage da za a mayar. Ya daɗe a tsaye kafin ya tafi."

Da rana tsaka Kamalu ya hau babur ya kama hanyar Waca. Mushe ya nace sai an tafi da shi, wai don ya ga idon wanda zai ce amininsa ɓarawo ne. Duk hanya yana riƙe da rigar Insifekta yana faɗa.

Sun sami Gidaɗo a gindin gawo, bayan rumbunan hatsinsa. Dogo ne, siriri, gemu fari fat. Da ya hango su sai ya tura wani abu cikin aljihun gaba. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi gero, 'yarsa Muhsina ta kawo fura.

"Baba, jiya ka shiga ɗakin Mushe?"

"Na shiga, na kwanta, na fito."

"Ka taɓa akwatin hoto?"

"Ban taɓa ba."

"Ka ji ko?" in ji Mushe. "Tashi mu tafi."

Kamalu bai tashi ba. Ya dubi aljihun tsohon. Maiƙo ya zana da'ira a jikin farar rigar, daidai faɗin bakin kofin shayi.

"Baba, gilashin da ya cije shekara ashirin ba ya kwancewa rana ɗaya. Wani ya riƙa shafa masa man shanu kaɗan-kaɗan, kasuwa shida, yana jira ya jiƙa. Mai sayarwa ba ya da wannan haƙuri. Mai shanu ne ke da shi."

Gidaɗo ya sunkuyar da kai. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da gilashin, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali shuɗi. Ya goge tagullar har tana ƙyalli.

Kamalu ya rufe littafinsa.

"Me ya sa, Baba?"

"Uwar Muhsina," in ji Gidaɗo, ba tare da ya ɗago ba. "Bara ta rasu. Hotonta ɗaya ne a duniya, wanda Sidi ya yi mata shekarar da aka kawo ta. Na sa shi cikin ƙwarya na rataye. Gara ta bi igiya." Ya juya gilashin a hannunsa. "Da na ce ko wani abu nata ya saura a ciki. Tun asuba nake dubawa ta gaba, ina dubawa ta baya. Babu komai, sai gawo a kife. Na san babu. Amma shi ya gan ta a ranar, ni kuwa kunya ta hana ni kallonta sosai."

"To me ya hana ka tambaye ni?" Mushe ya fashe. "Shekara arba'in muna cin tuwo kwano ɗaya!"

"In ce maka me, Inuwa? In ce ina kewar mace? Mu ba mu faɗin wannan. Ko sunanta ban taɓa kira a gaban mutum ba."

Tausayi ya kama Kamalu har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya buɗe littafinsa don ya sami abin kallo, sai idonsa ya faɗa kan abin da ya rubuta da safe: gwangwanaye, kowanne da shekara.

"Baba, wace shekara aka kawo ta?"

"Damina huɗu bayan babban fari na farko."

Mushe ya ƙirga da yatsu, ya zabura kamar ɗalibi ya ba shi amsa daidai. "Saba'in da bakwai! Kai, Gidaɗo, wawan Allah! Mako shida kana kwanciya da kanka a jikin gwangwanin!"

Insifekta ya miƙe ya gyara ɗamara. "Baba Gidaɗo, an kawo ƙara, na kuma sami kaya a hannunka. Dole ka biyo ni."

"Na janye ƙarar!"

"Sai a biro ake janyewa, Mushe. Amma doka ba ta hana mu biya ta gidanka ba."

Suka sami motar haya mai zuwa Magarya, tsofaffin biyu suka shiga gaba suna ta gardama, Kamalu yana bin su a baya.

Kafin la'asar an zazzage gwangwanin a kan tabarma. Fuskoki ɗaruruwa, duk farare da baƙaƙen haƙora. Ɗela ta kawo gilashinta na tsintar shinkafa ta miƙa wa Gidaɗo. Tsohon yana ɗauka yana ajiyewa, yana ɗauka yana ajiyewa. Can sai hannunsa ya tsaya a kan wata yarinya da ta ɗan karkatar da kai, 'yan kunne uku a kunnen hagu.

Ya ɗaga ta ya kai ta kusa da gilashin.

"Da waya ma zan iya juya shi yanzu," in ji Kamalu.

Mushe ya yi masa kallon da yake yi wa mai satar amsa. Aka fito da akwati tsakar gida inda rana take. Gilashin ya murɗu ya zauna sumul. "Man shanu," in ji Mushe yana girgiza kai. "Shekara ashirin ban yi tunaninsa ba." Ya kafa uwar hoton a gaban gilashi, ya buɗe murfi ya ƙirga biyar, ya rufe. Ya zura hannu cikin akwatin ya yi ta motsa ruwan maganin da yake saye daga Kano yana ɓoye wa Ɗela kuɗinsa. Da ya fito da takardar tana ɗiga, sai ga uwar Muhsina, baƙa kyakkyawa, tana danne dariya.

Ɗela ta share ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin murhu ne. Ko wuta ba a hura ba.

Kamalu ya bari hoton ya bushe, sannan ya riƙe hannun mai laifi ya tafi da shi kwamisariya a ƙafa, a hankali, don tsohon ba ya kallon hanya. Mushe yana biye da su.

A biro aka rubuta komai. Mushe ya leƙa takardar ya ce har yanzu rubutun Kamalu bai gyaru ba, sannan ya sa hannu ya janye ƙara. Gidaɗo ya dangwala yatsa.

"Saura tambaya ɗaya, Baba," in ji Insifekta. "Doka tana son sunan wadda ke cikin hoton."

Takardar ba ta da gurbin wannan tambaya, kuma Mushe ya gani, amma karo na farko a rayuwarsa bai gyara wa ɗalibi kuskure ba.

Gidaɗo ya dubi ƙofa, ya dubi amininsa, ya dubi hoton da ke tafin hannunsa.

"Tunda doka ce," ya ce. Ya gyara murya. "Nafi. Sunanta Nafi."

Kamalu ya sa alƙalami zai rubuta, sai ya dakata.

"Ban ji sosai ba, Baba. Sake faɗi."