Fulogin Ɗin Da Ya Ƙi Tashi

Da hantsi aka kai ƙara ofishin 'yan sanda cewa an sace kwamfuta a ƙungiyar masu ba da gudummawar jini. Sufeto ya tarar da ƙofar lafiya lau. Ɓarawon da makulli ya shigo, kamar ɗan gida.

Shugaban ƙungiyar yana ta huci, yana nuna wata budurwa da suke kira Injiniya. Ita ta rubuta musu sabon fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake jona wa shafin intanet, don ta riƙa aika wa mutane saƙo idan asibiti na neman jini.

"Aikinta ya ƙi tashi, shi ne ta ɓoye kwamfutar don ta sami abin faɗa," in ji shi. "Yau zan sallame ta."

Aikinta na farko ke nan. In an kore ta da sunan sata, ba mai sake ba ta wani.

Sufeto bai san kan kwamfuta ba, amma ya san maƙaryaci. Ya sa ta buɗe shafin a kwamfutar sakataren ƙungiyar. Tana danna maɓallin kunna fulogin ɗinta, sai jan rubutu ya fito.

"Me yake cewa?"

"Ranka ya daɗe, wai akwai wani umarni mai suna irin nawa da ke aiki. Tsohon fulogin ne. Na kashe shi da hannuna, ga shi an sake kunna shi."

"Ya aka yi sunan ya zo ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai. "Kawuna ya rubuta tsohon. A wurinsa na koya, yadda yake sa suna haka nake sawa."

Sakatare ya tabbatar cewa kawun nata tsohon ma'aikacin ƙungiyar ne, kuma da dattijon ya ajiye aiki, ba wanda ya iya buɗe baki ya karɓi makulli a hannunsa.

Aka kira shi. Ya shigo da tabarau a kan hanci, yana taku ɗai-ɗai.

"Rabona da shafin nan tun da na bar aiki," ya ce. "In nata ya gaza, ai ga nawa nan a kunne yana yi muku aiki."

"Baba, wa ya gaya maka naka a kunne yake?" in ji Sufeto.

Dattijon ya cire tabarau, ya ja numfashi.

"Ni na kunna. Kwamfutar tana but ɗin motata, na ɗauke ta ne don kada a sake kashe nawa. Da ƙuruciyata na gina shafin nan, sai a kashe aikina ko sallama babu?"

"Shi ne ka bari a kira 'yar ƙanwarka ɓarauniya?"

Kunya ta kama dattijon, ta kama Shugaba ma.

Injiniya ba ta kashe tsohon ba. Sunayen nata ta sauya ɗaya bayan ɗaya, ta sake dannawa. Jan rubutun ya ɓace, manhajojin biyu suka zauna tare.

Wani kurtun ɗan sanda na riƙe da hannunsa, amma sai da dattijon ya leƙa allon. Fuskarsa ta cika da alfahari.

"Sufeto, ka ga aikin nan?" ya ce ana fita da shi. "Ni na koya mata, kuma wallahi ta fi ni."