Bokiti Mai Gemu

Shekara biyu da samun 'yancin kai, bokitin roba bai cika gari ba. A wata unguwa a Kudan, gidan su wata yarinya ne kaɗai ke da shi. Babanta magini ne, shi ya sayo wa innarta a kasuwar Makarfi. Ja ne, ga shi ba nauyi.

Ran nan ya faɗi a bakin rijiya, ya tsage a gindi.

Inna ta ce, "In wannan ya mutu, sai mu koma tulu. Kuma ke za ki riƙa ɗauka."

Yarinya ta tuna nauyin tulu, ta yi tsuru.

Baba ya tsefe zaren rama, ya shimfiɗa a kan tsagar. Ya gasa wuƙa, ya narkar da guntun takalmin roba a kai. Faci ya kama, amma bakin zaren ya fito buzu-buzu.

A rijiya ƙawarta Zulaihatu ta leƙa, ta ce, "Ke, bokitinku ya yi gemu. Saura rawani."

Yara suka kwashe da dariya.

Kunya ta kama ta. Ta koma bayan rumbu, ta tsige zaren, ta kankare sauran har facin ya yi sumul. Ta sake zuwa ɗebo ruwa. Ba ta kai gida ba tsagar ta buɗe, ruwa ya wanke ta sharkaf.

Baba ya juya bokitin, ya ce, "Ina ramar?"

"Na cire, Baba. Datti ne kawai. Ai robar tana nan. To me ya fasa shi?"

Ya ɗauko tubali biyu, ya sake su ƙasa. Ɗaya ya wargaje. Ɗaya ya tsage, amma bai rabu ba. Ta duba wanda bai rabu ba, ta ga ciyawa a ciki.

Kanta ya ƙara ɗaurewa. "Baba, ciyawar da akuya ke ci? Ita ke riƙe bango?"

Ya miƙa mata zaren rama. "Tsinka wannan."

Ta ja, ta ja, har yatsunta suka yi shata. Bai tsinke ba.

Ya ce, "Roba tana riƙe zaren wuri ɗaya, zaren yana hana tsagar buɗewa. Kowanne shi kaɗai ba ya iyawa."

"Har yanzu ban gane sarai ba."

"Wannan ba laifi ba ne. Laifinki, ba ki gane ba kika sa hannu."

Ta ba shi haƙuri. Ita ta tsefe ramar da kanta, ya sake facin. Da la'asar ta cika randar Inna, ko ɗigo bai zuba ba. Tulu ya zauna inda yake.

Yara, ku ji da kyau. In babba ya yi aiki ba ku gane dalilinsa ba, ku tambaya tukuna. Kada dariyar abokai ta sa ku ɓata gyara.